Ƙaiƙayin nan ya dawo karo na uku, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana. Shekarata 23, wata takwas da aure, muna Jidda. Maigida direba ne, sai dare yake shigowa, uwarsa tana ƙasa muna sama, ko leda na shigo da ita sai ta leƙa. Bayan azumi na yi ciwon haƙori aka ɗora ni kan antibayotik na kwana bakwai. Ban gama ba ƙaiƙayin gaba ya taso, da farin abu guda-guda kamar cuku, ba wari. Na sayi maganin ƙaiƙayi Canesten a saidaliyya, wato kemis, ya lafa, yanzu ya sake dawowa. Cikin dare nake tashi in zauna a robar ruwa ina kuka. Ko maigida ne ya kwaso min?

Hajiya Babba: Sanyi ne 'yata, ba wani abu. Dafa bagaruwa ki riƙa zama ciki, ki matsa farin miski. Mu da shi muka haifi tara.

Anti Nas: Hajiya a yi haƙuri, miskin ƙara hura wutar yake. Ƙanwata, mata uku cikin huɗu sai sun yi wannan a rayuwarsu, har 'yan mata. Naman gwari ne, kandida, dama yana jiki. Antibayotik ya kashe ƙwayoyin da ke danne shi, sai ya yi yawa. Juna biyu, ciwon suga, ƙwayar tsarin iyali, wando mai matsewa a gumin Jidda, duk suna tayar da shi. Ba shaidar mijinki na bin mata ba ce. Tunda ya maimaita, je a ɗebi ruwan a auna, a duba suga. Kina wanke ciki da sabulu?

Mai tambaya: Anti tsafta ce ai, amarya ce ni. Kuma ba na shan zaƙi.

Maman Hanan: Ku masu igama, takardar izinin zama a Saudiyya, kun huta. Tawa ta mutu, riyal nawa zan kai asibitin kuɗi? Shekara biyu ina fama, nawa mijin cewa yake ƙazanta ce.

Hajiya Babba: Asibiti kuɗinki kawai za su ci. Na faɗa miki bagaruwa.

Anti Nas: Al'adarki ta zo wannan watan? In da ciki kar ki haɗiyi fulkonazol, ƙwayar maganin kandida.

Mai tambaya: Ta ɗan yi jinkiri. Amma in na ce zan je asibiti, me zan ce wa uwar mijina?