Shekara tara ina wayarin, takarda ta hana ni aiki: wane karatu zan yi daga gida?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure, shawara nake nema. Shekarata tara ina aikin wayarin, huɗu a ƙarƙashin oga, biyar ina cin gashin kaina, yanzu har da yara biyu a hannuna. Makon jiya wani kamfanin sola ya kira mu gwaji, injiniyansu ya ga aikina ya ce hannuna ya faɗa, amma da aka zo maganar takarda sai ta sakandare kawai gare ni, ita ma lissafi bai fito ba. Aka ɗauki wani yaro da ko filaya bai iya riƙewa ba. Ina da iyali, ba zan iya rufe shago in koma aji ba. An ce akwai karatun da ake yi daga gida ta waya. NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, zan shiga, ko akwai wanda ya fi dacewa da ni?

Abu Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya da mafi alheri, wataƙila ba rabonka ba ne.

Ɗan Zazzau: NOUN kai tsaye, Baban Khalifa. Ba sai ka zauna jarabawar JAMB ba, kana shagonka kana karatunka. Obasanjo ma da furfurarsa a can ya yi digirin digirgir.

Maman Ilham: To shi Obasanjo wayarin ya karanta? Ilimin addinin Kirista ya yi. Ku riƙa karanta tambaya kafin ku amsa, don Allah.

Malam na Gwale: Ni a NOUN na gama, bari in faɗa maka yadda take. Makaranta ce ta gwamnatin tarayya. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita da ya dawo mulki. Namu na Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Littattafai kana sauke su a waya, ka yi TMA, wato aikin gwaji da ake ba ɗalibi, ta intanet mai maki 30, jarabawa ta maki 70 kuma dole ka je cibiya da ƙafarka. Ga ma'aikacin gwamnati mai neman ƙarin girma ba ta da na biyu. Amma kai akwai matsala biyu. Ta farko, ba su da tsangayar injiniyanci, sai dai ka karanta kwamfuta ko harkar gudanarwa, wanda ba shi kamfanin nan ya tambaye ka ba. Ta biyu, lissafin nan da bai fito ba zai tare ka tun a bakin ƙofa.

Baban Khalifa: Ikon Allah. Ni da na ɗauka komai ana karantawa a can.

Sani Inbata: Baban Khalifa, tsaya ka ji nawa kafin ka tura wa kowa sisin kwabo. Ku yi haƙuri zan yi tsawo, abin har yau yana ci min tuwo a ƙwarya.

Shekara biyu da suka wuce na ga talla a Facebook, wai makarantar koyon haɗa sola cikin sati shida, daga gida, da satifiket "na ƙasa da ƙasa". Hoton wani mutum da hular kwano a kan rufi, ga tambura kala-kala a ƙasa. Na sayar da tunkiyar da nake kiwo don layya na biya. Aka jefa mu wani zauren WhatsApp, mun fi mutum ɗari. Kullum da dare sai a turo bidiyo, daga baya na gano rabinsu daga YouTube aka kwaso, wani ma Ba'indiye ne ke bayani an yanke kansa daga hoton. In ka yi tambaya sai a ce za a amsa a darasi na gaba. Sun yi alkawarin kwana uku na aikin hannu a ƙarshe, aka ɗaga sau biyu, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Amma satifiket ya zo kan lokaci, mai ruwan zinare a gefe. Na kai aka buga min shi, na sa a firam.

Da wannan firam ɗin na karɓi aikin gidan wani Alhaji. A bidiyo an koya min cewa in ka jera farantan sola a layi ɗaya ƙarfin wuta yana taruwa, kuma gaskiya ne. Abin da ba wanda ya tsaya a kaina ya nuna min shi ne in juya bayan farantin in karanta adadin da yake bayarwa in ba a ɗora masa kaya ba, in tara, in gwada da iyakar abin da kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin batir, za ta iya ɗauka. Na jera biyar a kan kwantirola mai iyakar bolt 100. Kuma na haɗa faranti kafin in haɗa batir, wanda duk yaron shagon da ya yi wata uku ya san batir ake fara sawa. Ban ma gama ɗaure waya ba na ji ƙauri. Alhaji yana tsaye, matansa suna leƙe ta taga.

Wata huɗu ina biyan kuɗin kwantirolar nan. Da na je neman aiki da satifiket ɗin kuwa, mutumin ya juya shi gaba da baya ya tambaye ni wace hukuma ce ta san da su. Na koma zauren in yi ƙorafi, na tarar an cire ni. Abin da ya gyara ni daga baya, komawa na yi wurin wani dattijo na yi wata bakwai ina riƙe masa tsani, da gemuna. Yanzu in na kalli bidiyo ina ƙaruwa, don na san abin da nake kallo.

Ɗan Zazzau: Wato daga nan aka samo "Inbata" kenan? 😂

Sani Inbata: Kwantirola ce ta ƙone, ba inbata ba. Sunan daban ne asalinsa.

Ɗan Zazzau: Bakano da son banza. Sati shida ka zama injiniya! Mu a Zariya shekara biyar ake yi a ABU.

Malam na Gwale: Ji Bazazzagi. Kai da ka yi shekara biyar a bakin ƙofar ABU kana sayar da katin waya, shi ne ka zama tsohon ɗalibi?

Abu Hanifa: Allah ya mayar maka da alheri, Malam Sani. Irin su sun yi yawa yanzu, har da na koyon allura.

Injiniya K.: Ina wurin aiki, zan taƙaita. Baban Khalifa, kai ba karatu ne ya rage maka ba, shaida ce. Ka fara da Trade Test, wato gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Mataki uku ne, ana farawa daga na uku, sai na biyu, na ɗaya shi ne babba. Aikinka ake gwadawa, kuma kamfanoni da ma'aikatu sun san shi tun da daɗewa. Ka je ofishinsu na jiharka da kanka. Duk ɗan tsakanin da ya ce kawo hoto da kuɗi zai kawo maka har shago, irin firam ɗin Sani ne zai ba ka.

Sai NABTEB, hukumar jarabawar fasaha da kasuwanci. Suna da jarabawar Nuwamba zuwa Disamba ta waɗanda ba sa makaranta, kuma wayarin yana cikin sana'o'in da ake zanawa. A nan za ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ka samu shaidar sana'a, ka gyara lissafinka, don ana karɓar sakamakonta wajen shiga manyan makarantu. Shirinta kuwa a gida za ka yi, da tsofaffin tambayoyi da wayarka.

Maman Ilham: Injiniya, ba ka ambaci NSQ ba.

Injiniya K.: Ina zuwa, Hajiya. NSQ tsarin ba da shaidar ƙwarewar sana'a ne na ƙasa, NBTE, hukumar ilimin fasaha da ke Kaduna, ce ke kula da shi. Abin da ya sa ya dace da irinsa, akwai hanyar da ake lissafa abin da mutum ya riga ya iya. Mai tantancewa zai gan ka kana aiki, a tattara hujjojin ayyukanka, a ɗora ka a matakin da ka kai, ba sai ka koma farko ba. Haka Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi da masu sana'ar kasuwar Panteka, lokacin Farfesa Idris Bugaje yana shugabanta kafin ya koma NBTE. Don haka daga yau duk gidan da ka yi wa aiki ka ɗauki hoto, kafin da bayan. In sola kake so takamaimai, NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, na da rassa a Kano da Kaduna, kwas ɗinsu gajere ne amma sai ka je da jikinka. Kuma in kana son manyan kwangiloli, akwai shaidar ƙwarewa ta masu wayarin daga NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki.

Baban Khalifa: Kai, Allah ya saka da alheri. Wallahi rabin sunayen nan yau na fara jin su.

Gwaggo Malama: Ɗana Baban Khalifa, kada labarin Sani ya sa ka tsani karatun nesa gaba ɗaya. Ni da NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, na yi NCE, ina da goyo ina koyarwa a firamare. Makarantar nan tana Kaduna tun 1976, tun babu wayar hannu. Littafi ake ba mu mu karanta a gida, Asabar mu haɗu a cibiya, lokacin hutu a yi mai tsawo. Amma ka lura, ko mu da alli ne kayan aikinmu sai da aka zo aka zauna a bayan aji aka ga yadda muke koyarwa kafin a ba mu takarda. Duk makarantar da ta ce ba ta buƙatar ganin hannunka, kuɗinka take so.

Maman Ilham: Haka ne, Gwaggo. Ƙanwata tana digirin jinya a cibiyar karatun nesa ta ABU, tana aikinta a asibiti, darasi ta kwamfuta, amma zuwa aikin asibiti da jarabawa ba fashi. Kuma ai sai da ta zama ma'aikaciyar jinya mai rajista suka ɗauke ta.

Auwalu Data: Duk wannan lissafin ba wanda ya sa kuɗin data da caji. Darasin bidiyo na awa biyu, ga wuta sai ta ga dama.

Ɗan Zazzau: Mai haɗa sola yana kukan caji? Ai shi ne maƙeri da yankan farce da haƙori.

Auwalu Data: Ni ba sola nake ba, 3MTT na shiga, shirin koyar da fasahar zamani na ma'aikatar sadarwa. Darasi ta intanet, sannan a haɗu a cibiya. Ban biya kuɗin makaranta ba, amma data ta ci ni. Kuma wanda ba shi da laftof ya sha wuya, a waya ba a rubuta manhaja a ji daɗi.

Abu Hanifa: Wai su 'yan NOUN suna zuwa bautar ƙasa yanzu?

Malam na Gwale: Mu a lokacinmu takardar cirewa aka ba mu. Kuma ni ko an ce in je ba zan je ba, na haura talatin tun kafin in gama. Wa zai sa ni gajeren wando a gaban 'ya'yan cikina?

Ɗan Zazzau: Shi ya sa nake cewa digirin da ba kaki rabi ne.

Maman Ilham: Kai da ka fara cewa a shiga NOUN kai tsaye? Ka tsaya a magana ɗaya mana.

Malam na Gwale: Da wannan "rabin" aka ƙara min mataki biyu a wurin aiki. Kai ina cikakken naka?

Na Maraɗi: Salamu alaikum, mutanen Najeriya. Mu nan wanda ya yi makarantar sana'a takardar shaida ta CAP ko BEP yake fita da ita. Su kuma yaran gareji da na teloli akwai asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin horo, yaro yana wurin maigidansa yana kuma zuwa darasi. Amma maganar gaskiya, da yawa cikin masu gyaran salula na nan a Kano suka koyo, babu ko takarda guda.

Auwalu Data: Kasuwar waya ta Farm Centre jami'a ce mai zaman kanta ai. Saura a naɗa mata shugaba.

Sani Inbata: Ni dai abu ɗaya zan ƙara. Kafin ka biya kowa, ka tambaye shi wace hukuma ce za ta sa hannu a takardar, sannan ina za a yi aikin hannu, wace rana, wane titi. In ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Gwaggo Malama: Kuma ka samu wanda zai zauna da kai a kan lissafin nan, ko sau biyu a sati bayan isha'i. Shi kaɗai ne ba ya shiga kai ta waya in tushe ya yi rauni. Ina da ɗalibina a unguwarku, zan yi masa magana.

Baban Khalifa: Na gode, Gwaggo, Allah ya ƙara girma. To yanzu wanne zan fara, Trade Test ɗin ko NABTEB? Kuɗin duka biyu ba zai samu lokaci ɗaya ba, ga kuɗin makarantar yara.

Injiniya K.: Trade Test. Zan kira ka in na tashi.

Malam na Gwale: Ni da NABTEB zan fara, don sau ɗaya take zuwa wa 'yan waje a shekara, in ta wuce sai baɗi.

Ɗan Zazzau: Wai Sani, firam ɗin yana nan? In ba ka so ka ba ni, zan cire takardar in sa hoton aurena.

Sani Inbata: Uwargida ta riga ka, hoton yaye na Ummi ne a ciki.

Auwalu Data: Jama'a, wa ke da lambar mai gyaran famfon sola a wajen Hotoro? Na masallacinmu ya tsaya tun jiya.