Makon Farko a Marina Mai Nisa Bayan Doguwar Tafiya a Teku

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni da maiɗakina muna shirin kai jirginmu mai filafilai, mai tsawon mita 11, wani tsibiri mai nisa domin mu zauna wata huɗu a marinarsa, wato tashar da ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa. Mun sha karanta labarin ƙetare teku, amma abin da ke biyo bayan an ɗaure igiya a gaɓa ba kasafai ake zancensa ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yi su faɗa mana abin da suka tarar a makon farko.

Wanda ya sauka a Horta:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mun taso daga Bamuda muka nufi Horta da ke tsibirin Faial a tsibiran Azores na Tekun Atlantika, tafiyar mil ɗin teku kusan 1,800, muka shafe kwana 16 ba mu ga ƙasa ba, sai wata asuba dutsen Pico mai tsayin mita 2,351 ya bayyana sama da gajimare. Mun ɗaga tutar rawaya, wadda ke nuna cewa jirgi bai bi ta hannun jami'an shige da fice da na kwastam ba tukuna, sannan muka kira marina ta rediyon VHF. Da yake watan Yuni ne, lokacin da jiragen da ke dawowa daga Karibiyan suke cika wurin, sai aka jingina mu da wani jirgin, shi ma yana jingine da wani, ta yadda duk mai son taka ƙasa sai ya ratsa ta kan jiragen mutane biyu. Ladabin wurin shi ne a bi ta gaban turken filafilai, ba ta baya inda masu jirgi suke zama ba.

Kafin komai ka duba takardunka. Azores ƙasar Fotugal ce, tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka haɗa ƙa'idar shiga ɗaya, kuma wanda ba ɗan yankin ba, idan ba shi da bizar dogon zama, kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane kwana 180, alhali jirginsa yana iya zama wata 18 ba tare da an biya masa haraji ba. Idan can ka nufa, wata huɗun da ka ambata sun wuce ƙa'ida.

Wata mai tafiya da mijinta:
Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne igiyoyi. Mun isa wata marina da take fuskantar buɗaɗɗen teku, ranar ruwa kwance yake, muka ɗaure jirgi tamau da igiyoyi huɗu muka kwanta da tunanin wahala ta ƙare. A dare na uku raƙuman ruwa daga wata guguwa mai nisa, wadda ko iskarta ba ta iso mu ba, suka fara shigowa a hankali, jirgin ya rinƙa zuwa gaba yana dawowa, kowace dawowa kuma da fizga mai girgiza kofuna a cikin kabad. Da na fita da tocila wajen ƙarfe uku, na tarar igiyar baya ta cinye fiye da rabi a daidai inda take goga da bakin ƙarfe, zarenta ya yi buzu-buzu, da na taɓa wurin kuma na ji shi da ɗumi. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Wani dattijo da ke jirgin kusa da namu, wanda ba ma jin yaren juna, ya fito da guntun tsohon mesan ruwa, ya tsaga shi ya naɗe igiyar, ya kuma nuna mana da hannu mu sassauta, mu kai ɗaurin nesa. Gajeriyar igiya ba ta da wurin miƙewa, shi ya sa take fizga. Doguwar igiyar nailan kuwa tana miƙewa ta shanye ƙarfin ruwan. Tun daga ranar nake duba kowace igiya safe da yamma, kuma a ganina jirgin da ke ɗaure ya fi wanda ke tafiya bukatar ido.

Wani injiniyan lantarki:
Ɗan'uwa, ka bincika wutar da marinar take bayarwa tun kafin ka tashi, domin a Turai bolt 230 ne, a Amurka kuma 120, filogin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani: da zarar ka jona wayarka a gaɓa, wayar kariya da ake kira wayar ƙasa ta haɗa jirginka da na maƙwabta, guntun ƙarfen tutiya da ke kare farfelarka daga lalacewa sai ya fara narkewa domin kare tasu farfelar. Na nutsa bayan mako bakwai na tarar tutiyata saura ƙusoshinta. Ka sa na'urar da ke katse ƙaramar wutar da ke bi ta wayar ƙasa tana jawo wannan ɓarnar, ka kuma tafi da tutiya ta ajiya.

Wanda ya yi damina a Rio Dulce:
Mun fake a kogin Rio Dulce na ƙasar Gwatemala saboda lokacin guguwar Atlantika, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Ruwan da ke kan yashin bakin kogin a garin Livingston bai kai zurfin mita 2 ba idan teku ya janye, don haka muka jira cikar ruwa ta tsakiyar wata kafin mu shiga. A can 'yar farfelar roba ta famfon sanyaya inji ta tsage, sabuwar da muka yi oda kuma sai bayan mako biyar ta iso. Wata maƙwabciya ce ta ba mu tata ta ajiya, muka mayar mata da tamu ta zo.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai, 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Horta muka nufa, kuma ban taɓa lissafa kwana 90 ɗin nan da kwanakin da muka riga muka yi a yankin ba, don haka yau za mu zauna da fasfunanmu mu ƙirga. 'Yar'uwa, ina so ki ƙara mini bayani kan kaurin igiyar da kuka koma amfani da ita da kuma tsawon jirginku, domin in gwada da namu.