Ƙawanya ko mamaya: wacce ce daidai idan mayaƙa suka kewaye gari?

Ɗiyar Bagalam:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina koyon aiki a wani gidan rediyo nan Maradi, ni ke juya labaran duniya daga Faransanci zuwa Hausa. Shekaranjiya aka ba ni waiwaye kan Al-Fashir ta Sudan, yadda dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar suka kewaye garin tun Mayun 2024 har ya faɗa hannunsu a Oktoban 2025. Na rubuta "sun mamaye garin tsawon watanni". Shugabana ya soke da jan biro, ya sa "sun yi wa garin ƙawanya", bai ce mini komai ba don lokacin labarai ya gabato. Ni ƙawanyar da na sani ita ce zoben ƙarfen nan na ƙofar ɗakin kakata, inda ake saƙala kwaɗo. Don Allah ina bambancin yake? Ba na son in faɗa wa masu saurare abin da ba shi ne ba.

Baban Mokoyo:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ai kin ba kanki amsa. Koma ki dubi ƙawanyar ƙofar kakarki, za ki ga ba ta da baki. Haka ake yi wa gari: mayaƙa su zauna a waje, su toshe hanyoyi, ba shiga ba fita, su jira yunwa da ƙishirwa su yi musu aiki. Mamaya kuwa sai an afka ciki an danne wurin, sau da yawa ba zato ba tsammani. Al-Fashir ta sha ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi, mamayar daga ƙarshe ta zo.

Ana iya yin ƙawanya a tashi ba a mamaye ba. A shekara ta 5 bayan Hijira Ƙuraishawa da sauran ƙabilu sun yi wa Madina ƙawanya kusan wata guda. Gwalalon da Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙawa ya hana su shiga, sannan iska da sanyi suka tarwatsa su. Kakanninmu ma sun san wannan yaƙi sarai. Shi ya sa ganuwar Kano ta haɗe har da gonaki da rijiyoyi, don ko an rufe ƙofofi a samu abin sawa a baki. Alƙalawa ta Gobir kuwa ta sha hari fiye da sau ɗaya kafin ta faɗi a 1808.

Mai Shago Sabon Gari:
Baba, to mu abin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi mana a Nijar a 2023 fa? An rufe iyakar Ɗan Isa, Nijeriya ta yanke wuta, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Na ga motocin albasa jere a bakin hanya, kaya na ruɓewa a ciki. Mu a kasuwa ƙawanya muke ce masa.

Baban Mokoyo:
Zafinsa kam ya yi kama, ɗana, ni ma na ji a jikina. Amma sunansa takunkumi, irin wanda ake ɗaura wa jaki a baki don kada ya ci amfanin gona. Ba mayaƙan da suka kewaye mu, kuma hanyar Burkina a buɗe take, zoben bai haɗe ba. An ɗage shi a Fabrairun 2024 da sanarwa kawai, ƙawanya kuwa sai an kore ta ko masu ita sun gaji.

Ɗiyar Bagalam:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na rubuta su uku a bangon littafina. Saura ɗaya: "ƙofar rago" da nake ji a wasu tashoshi, ita ma ƙawanya ce?

Baban Mokoyo:
Yadda na ji daga mahaifina, kewayewa ce da ake barin kafa guda da gangan, don wanda ba ya iya tsayawa ya bi ta nan ya gudu. Idan labarin da ke hannunki bai ce an bar hanyar fita ba, ki tsaya kan ƙawanya.