Zoben gindin masai ya karye, ƙasa kuma kankare ce: sai na fasa daɓe?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan masan zama na ɗakina yana rawa in an hau, na yi ta cewa gobe. Sai wari ya fara tashi, layin tayil na gindinsa kuma ya yi baƙi, kullum da danshi. Jiya na rufe ruwa, na kwance notuna biyun, na ɗaga shi. Zoben roban nan da ke haɗa masai da bututu, wanda masu gyaran famfo ke ce wa filanji, ya tsage daidai ramin da kan kusa ke shiga. Abin da ya fi ba ni haushi, wanda ya sa shi tun farko ko sukuru ɗaya bai ɗaura cikin kankaren ba, gam kawai ya shafa ya manna da bututu. Bututun PVC ne, inci 4, siminti ya kama shi ta ko'ina. Zoben kuma ya nutse ƙasa da tayil kamar kaurin yatsa, don daga baya aka yi tayil ɗin. Na cusa tsumma a bakin saboda wari. Dole sai na fasa daɓe?

Oga Mai Famfo:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye gudumar nan. Tun da inci 4 ne ka ci sa'a. Akwai ƙaramin faifan zarto da ake ɗaura wa injin huda, yana yanke bututu daga ciki. Da shi za ka yanke tsohon zoben ƙasa da wuyansa, amma ka tura tsumman can ƙasa tukun, kada gutsattsari su faɗa. Sai ka nemi filanjin da ke shiga cikin bututu, ko na gam ko mai robar matsi. Na fi son mai gefen ƙarfen da ba ya tsatsa, don na roba zalla shi ne ya yi maka wannan aikin.

Inda mutane ke kuskure shi ne tsayi. Leɓen zoben a kan tayil yake zama, ba ƙarƙashi ba. Kafin ka huda, juya shi yadda kusoshin masai biyu za su tsaya hagu da dama, nisansu da bangon baya daidai wa daida. Auna sau biyu, in gam ya kama ba ya jiran kowa. Hudar kankare sai injin huda mai bugu da bakin huda na dutse. Sukurun kankaren nan da ake ce wa Tapcon, na kwatan inci, bakin huda mai kaurin 3/16 na inci yake so. Ramin ya ɗan fi sukurun zurfi, kuma ka hure ƙurar, in ba haka ba sukurun zai cije a rabi, ka matsa ya karye maka a ciki. A kan tayil kuwa kashe bugun har sai ka wuce shi.

Injiniya Ƙarami:
Oga, ba musu nake ba, amma in tsagar a ramin kusa kaɗai take, wuyan kuma lafiya lau, me zai hana ya ɗora zoben gyara na ƙarfe a kai, ya ɗaure shi da kankare, ya ƙara abin ɗaga tsayi da silikon a tsakani? Ba yanka, ba gam.

Oga Mai Famfo:
Yana yi, na sha yin sa. Sai dai ya haska tocila ya duba wuyan sosai. In tsagar ta gangara ciki, kwalliya ce kawai a kan gyambo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jera zoben kaki (wanda ke toshe tsakanin masai da filanji) har biyu don cike gibi, wata rana sai sun zame.

Baban Hafsa:
Allah ya saka da alheri. Na haska, tsagar ta gangara, don haka na yanke. Sukuru ɗaya ya karye mini kamar yadda Oga ya faɗa, ganda ce ta hana ni hure ƙurar, na koma ramin da ke kusa da shi. Na ɗora masan ba kaki don gwaji, ya ɗan yi rawa ta hagu, na sa 'yar robar ciko, sannan na sa sabon kakin na zaunar da shi sau ɗaya. Notunan kaɗan-kaɗan na riƙa ɗaurewa, nan da can, don tsoron kada tangaran ya fashe. Silikon fa, in zagaye gindin duka?

Oga Mai Famfo:
Bar baya a buɗe kamar faɗin tafin hannu. In yoyo ya dawo, ta nan za ka gan shi.