Neman shawara: na yi rajistar tirayatalon, amma ban taɓa shiga tafki ba

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Lids da ke arewacin Ingila, shekaruna 34, 'ya'yana biyu. Abokan aikina mata sun ja ra'ayina har na yi rajistar gasar tirayatalon da za a yi a watan Yuni, saura kusan wata uku ke nan. Ga wanda bai san ta ba, wasa uku ne a jere babu hutu: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. Gajeriyar na shiga, wadda ake kira sifirint: iyo mita 750 a tafki, keke kilomita 20, gudu kilomita 5.

Gudu bai dame ni ba, duk Asabar ɗin da ba na bakin aiki ina yin kilomita 5 a parkrun, gudun haɗin gwiwa da jama'a ke yi a lambun shaƙatawa. Keke tun ina yarinya a Zariya na iya, sai dai wanda nake da shi yanzu na cefane ne, mai nauyi, har da kwando a gaba. Iyo shi ne sabon abu. Bara na koya, a lokacin da ake ware wa mata a wurin wankan unguwarmu, kuma har yanzu in na ɗan yi nisa sai na kama bango na huta.

To ga abin da ke damuna. An ce lallai in sayi keken tsere, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne. Kayan da nake gani a jikin masu gasar matsattsu ne, hannu da ƙafa a waje, ni kuwa ba zan ajiye lulluɓina ba. Sannan ku faɗa mini tsakani da Allah, wata uku zai ishe ni, ko in janye tun da wuri?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, na shiga irin wannan gasa a nan Biradfod da kewaye, saboda haka ki saurare ni da kyau. Ki bar maganar sabon keke. Kuɗin da za ki zuba a can, ki kai wa mai koyar da iyo. Keke mai nauyi mintoci kawai zai ƙara miki, amma ruwa shi ne wurin da mutum ke fasa gasa, kuma shi ne wurin da rai ke shiga haɗari.

In kwamin da kike koyo mai tsawon mita 25 ne, mita 750 daidai yake da ki ratsa shi sau 30. A tafki babu bangon kamawa, babu baƙin layin da kike bi a ƙasa, ba ma za ki ga ƙasan ba, ga mutane ta ko'ina, wani ya taɓa miki ƙafa, wani ya fantsa miki ruwa a baki. Saboda haka aikinki hawa biyu ne. Daga yanzu zuwa farkon Mayu, ki je kwami sau uku a mako har ki iya ratsawa sau 30 ba tsayawa. Hakin nan da kike yi, ke da kike gudun kilomita 5, ba rashin ƙarfi ba ne. Yawanci riƙe numfashi ne. Sabon shiga kan cika ƙirji da iska ya danne, sai ya ɗago kai sannan ya yi ƙoƙarin fitarwa da shaƙa a lokaci guda. Ki riƙa fesar da iskar a hankali tun fuskarki na cikin ruwa, in kin juyo shaƙa kawai za ki yi. Malamin kirki zai gyara miki wannan cikin 'yan darussa.

Hawa na biyu shi ne tafkin kansa, daga watan Mayu, a wurin da aka keɓe don iyo, mai masu ceto a kwale-kwale. Kada ki kuskura ki shiga dam ko kogi ke kaɗai. Ruwan ƙasar nan ko da bazara yana da sanyi, kuma da zarar ya taɓa fuska da wuya sai numfashi ya sarƙe, zuciya ta hau bugawa. Cikin minti ɗaya zuwa biyu yake lafawa in mutum ya natsu. Wanda bai taɓa jin haka ba sai ranar gasa, shi ne ke firgita. Ki shiga a hankali, ki jiƙa fuska, ki bar ruwa ya ɗan ratsa cikin rigar robar iyo da za ki sa, ki jira numfashi ya daidaita sannan ki fara. Ki kuma saba ɗago ido bayan kowane ja shida zuwa takwas ki hango alamar da ke yawo a kan ruwa, in ba haka ba sai ki karkace ki ƙara wa kanki tafiya.

Ran gasa ki tsaya can baya, ta gefe. In an busa, ki bar masu gaggawa su wuce. Doka ba ta hana iyon kwaɗo ba. Kina iya dafa kwale-kwalen masu ceto ki huta, muddin bai ja ki gaba ba. In kuwa abu ya gagara, ki kwanta rigingine ki ɗaga hannu ɗaya sama, za su zo.

Hajiya Uwar Marayu:
Ƙanwata, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Mutumin da bara ya koyi iyo, yau a ce ya faɗa tafki cikin cunkoso? Kina da ƙananan yara. Ai akwai gasar sifirint da yawa a Ingila da ake yin iyonsu a cikin kwami, mita 400, ga bango ga masu ceto a kanki. Me zai hana ki fara da irin wannan bana, baɗi ki shiga tafkin? Sannu ba ta hana zuwa. Ki tambayi masu shirya gasar ko suna yarda a ɗage rajista zuwa wata shekara, ki san matsayinki tun yanzu. Kuma ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sani: ranar da kika kwana a bakin aiki, ba ranar shiga ruwa ba ce.

Ummu Sumayya:
Maman Hanifa, bari in ɗauki maganar sutura, don ni ma da lulluɓina nake yi. Dokokin hukumar tirayatalon ta duniya sun amince mace ta rufe jikinta duka ban da fuska saboda addini, da sharaɗin kayan ba za su shiga cikin keke ba, kuma lambar gasa ta fito a samansu. Ba ke za ki fara ba. Shirin Gerami ta wakilci Iran a gasar duniya da aka yi a Landan a 2013 cikin cikakkiyar sutura, a 2016 kuma ta gama doguwar tirayatalon da ake kira Ironman a Hawayi, inda iyon kaɗai kilomita 3.8 ne.

Abin da ya kamata ki sani shi ne filin sauya kaya fili ne a buɗe, babu ɗaki, kuma an hana tuɓewa a ciki. Don haka abin da kika sa a ƙarƙashi tun daga gida, da shi za ki ƙare. Ni dogon wando na motsa jiki nake sawa da riga mai dogon hannu, masu saurin bushewa. Kada ki sa auduga, tana shan ruwa ta yi nauyi ta goge fata. A kansu sai rigar robar iyo, wadda ke kaiwa wuyan hannu da idon sawu, tana riƙe ɗumi, tana kuma ɗaga mutum sama a ruwa, abin da zai taimake ki ƙwarai. Ba sai kin saya ba, ana ba da haya na kaka guda. Hijabin wasanni na zurawa, marar fil, shi za ki sa, hular da masu gasa suka ba ki ta hau kansa.

Rigar robar tana kama jiki, ba zan ɓoye miki ba. Kafin a fara nakan yafa babbar riga har bakin ruwa in miƙa wa wadda ta rako ni. Daga ruwa zuwa wurin keke kuwa haka za ki taka, sai kin isa ki zura riga mai yalwa. Wannan ɗan tsakanin kowa da inda zuciyarta ta natsu, ke za ki auna. Rigar ta sama kada ta wuce gwiwa, kada ta yi baza, don kar taya ko sarƙa ta kama ta. Hular kwano kuma ki gwada ta a kanti da hijabin a kanki.

Abu ɗaya da ake mantawa: in ɗumin ruwan ya kai digiri 22, a nisa irin naku hana rigar robar ake yi, kuma da safiyar gasa ake aunawa. To kayan ƙarƙashin nan su zama waɗanda kin taɓa yin iyo da su. Ki rubuta wa masu shiryawa ki bayyana abin da za ki sa, ki ajiye amsarsu a waya.

Mai Faci Ɗan Fagge:
Maman Hanifa, ni ban san ruwa ba, keke na sani. Naki zai kai ki. A kwance kwandon, a duba birki gaba da baya, a wanke sarƙa a sa mai, a daidaita giya. In tayoyin masu gurzo ne a sauya da masu santsi, a cika su iska. Yawancin masu keken cefane sirdinsu ƙasa yake, shi ke kashe gwiwa. A ɗaga shi yadda in feda ta kai ƙasa ƙafarki za ta kusa miƙewa. Ki koyi sauya tub da hannunki, ki ɗaure ɗaya da ƙaramin famfo a jikin keken.

Baban Yusra:
Maganar Malam haka take, don a gasa ba a yarda ɗan kallo ya gyara miki keke ba. Ga dokar da ta fi kama sababbi: sai kin ɗaure hular kwano kafin ki ciro keke daga maratayarsa, kuma ba za ki kwance ba sai kin mayar da shi. Turawa za ki yi har ki tsallake layin hawa, a dawowa ki sauka kafin layin sauka. Kada ki manne a bayan wani don ya kare miki iska, ki bar tazarar da dokar gasar ta tanada. Ba a sa abin jin sauti a kunne.

Kin kuma yi sa'ar gari. 'Yan yankinku ne 'yan uwan nan biyu, Alistair da Jonny Brownlee, Alistair ɗin ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2012 da ta 2016. Cibiyar da ke ɗauke da sunansu, ta Jami'ar Lids, tana da hanyar keke ta kilomita 1.6 wadda mota ba ta shiga. Zagaye 13 ya ɗan haura kilomita 20 ɗinki. Sau ɗaya a mako, da kin sauka daga keke ki yi gudun minti goma nan take. Ƙafa za ta yi nauyi kamar ba taki ba, da sabo take sakewa.

Maman Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Hajiya, na ji maganarki kuma ta shige ni. Na samu mai koyarwa mace, ranar Talata za mu fara, keken kuma gobe Baban Hanifa zai kai wa mai gyara. Masu gasar zan rubuta musu kan sutura da batun ɗage rajista. Na yanke cewa in tsakiyar Mayu ta yi ban iya ratsa kwami sau 30 ba tsayawa ba, zan koma ta mita 400 ɗin.

Baban Yusra:
Madalla, amma ki ƙara sharaɗi ɗaya. Kwami kaɗai ba zai zama ma'auni ba. Mako biyu kafin gasa, ki yi mita 750 ɗin a tafki, cikin rigar robar da hijabin da za ki sa ranar, masu ceto na kallonki. In kin fito numfashinki a daidai, ki shiga. In ba haka ba, ki bi shawarar Hajiya. Ki haɗa da tambayarsu ko suna da iyakar lokacin da suke fitar da mutum daga ruwa, don malamarki ta san saurin da za ta ɗora ki a kai.