Gonar makaranta a Gombe: me ɗalibai za su noma?

Tambaya: Malamai, ƙaramin fili ne a bayan aji. Me 'yan aji biyar za su noma su koyi sana'a, unguwa ma ta amfana?

Amsa: Masara, Malam. Santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin shuka. Takin zamani: NPK bayan mako biyu da shuka, yuriya a mako na shida. A binne ta. In an watsa a sama, ƙarfinta iska yake bi.

Amsa: Hutun Agusta ne matsalar, ciyawa ke cinye gonar. A raba musu ranakun noma kafin su watse.

Amsa: Ku haɗa da renon dalbejiya a leda, a dasa a maƙabarta. Irin ba ya jure ajiya, a shuka shi sabo.