Wai keken roba ya fi mota tsada?

Sale Direba, Ikoyi: Jama'a ku ji wani ikon Allah. Jiya ina wanke mota na ɗan matsar da keken Oga na jingina shi da bango, sai ga mutumin nan ya fito yana ta zazzaga min masifa a gaban maigadi. Wai kuɗinsa ya haura dala dubu goma, wai da hannu aka yi shi. Keken da zan ɗaga da yatsa biyu! Ba kariya, ba ƙararrawa, ko sitan babu. Ranar Asabar kawai yake hawa, ya zaga gadar Lekki ya dawo. A kan keken roba za a ci min mutunci?

Nura Mile 12: Allah ya huci zuciyarka. Zama da masu kuɗi sai haƙuri.

Injiniya Bashir, Ikeja: Malam Sale ka yi haƙuri, amma ba roba ba ce. Kabon ne. Wani irin zare ne siriri, ya fi gashin kai siranta, ana jera shi ya zama shimfiɗa a jiƙa da wani danƙo. A masana'anta sai a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar yadda tela ke yanka yadi, ɗaruruwan ƙyallaye a keke ɗaya. Ma'aikata su riƙa liƙa su ɗaya kan ɗaya, kowanne da inda zarensa zai fuskanta, wajen feda a ƙara kauri saboda nan ne ƙarfi ke sauka. Sannan a sa cikin mazubi na ƙarfe, a hura wata jaka daga ciki ta matse shi, a gasa. In ya fito a goge, a duba ko akwai rami a ciki, a yi fenti. Wannan liƙin shi ne aikin hannun da Oganka yake nufi.

Baba Mai Keke, Agege: Yaro, wannan danƙon da ka ce, in ya bushe me yake zama?

Injiniya Bashir: Yana sandarewa ya riƙe zaren, Baba.

Baba Mai Keke: To roba ke nan. Ka zagayo ka dawo inda Sale yake.

Injiniya Bashir: Haba Baba. Zaren ne ke ɗaukar nauyi, danƙon riƙewa kawai yake yi. Kamfanin Toray na Japan da ke yin zaren, shi ke ba masu ƙera jirgin Boeing 787. Jirgin ma na roba ne?

Baba Mai Keke: Ni ban taɓa gyara jirgi ba. Tambaya ɗaya: in ya tsage, mai walda zai kama shi?

Injiniya Bashir: Ba a yi masa walda. Akwai masu yi masa faci da irin ƙyallensa, amma sai gwani.

Baba Mai Keke: Alhamdu lillahi. Abin da bai shan walda ba keke ba ne a wurina.

Sale Direba: Ni fa maganata faɗan da aka yi min ne.

Ɗan Fagge, Alaba Rago: Baba ya gama magana. Keke dai Rali. Mahaifina buhun gero yake ɗaura wa nasa daga kasuwa har gida. A ɗora wa wannan na Ikoyi buhun albasa mu gani.

Injiniya Bashir: Ai ba don kaya aka yi shi ba, don gudu ne. Har doka hukumar tseren keke ta duniya ta sa cewa kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, saboda masu ƙerawa suna ta rage shi. Ku dubi ƙafar ma. Ita ma a mazubi ake gasa da'irarta, a huda ramuka, a ɗaura sifok, wato siraran wayoyin da ke riƙe ƙafar, kamar 24 kacal, ko ƙasa da haka. A masu araha inji ne ke ɗaurawa ya saita. A masu tsada mutum ne zai zauna da ma'auni yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana jan nauyin da ya kai kilo 100, har sai ƙafar ta daina layi ko kaɗan.

Baba Mai Keke: Ma'auni! Mu da kunne muke yi. Ka ɗan taɓa sifok da ɗan yatsa, ƙararsa za ta gaya maka wanda ya saki. Rali na da 32 ne a gaba, 40 a baya, don an san bayan ne ke shan wahala. Yanzu an zare rabi an ninka kuɗi, kuna tafi.

Ɗan Fagge: Kuma a Kano aka yi Rali, kowa ya sani.

Bazazzagi, Obalende: Haɗawa dai. Rali ɗan Nottingham ne a Ingila. Bakano in ya ɗaure noti biyu sai ya ce shi ya ƙera.

Ɗan Fagge: Ku me aka taɓa haɗawa a Zariya ban da surutu?

Bazazzagi: Mu ilimi muke haɗawa, shi ya sa muka san bambancin ƙira da ɗaurin noti.

Maman Hanifa, Idi Araba: Don Allah ku bari haka. Wayata ta cika da saƙonninku, na zaci wani abu ne ya faru a Mile 12.

Nura Mile 12: Lafiya lau muke Hajiya. Ni dai abin da na sani, duk wannan kayan 'yan Chana ne, suna kawai ake mannawa.

Injiniya Bashir: Da yawa a Taiwan ake yi. Kamfanin Giant, wanda aka kafa a 1972, da na Merida, sun daɗe suna yi wa manyan kamfanonin Amurka da Turai. Giya da birki kuma galibi na Shimano ne, Japan.

Nura Mile 12: Taiwan ɗin ba Chana ba ce?

Bazazzagi: Kai Nura kada ka jawo mana yaƙin duniya a nan.

Ɗan Fagge: An hana 'yan uwanmu acaɓa a Ikeja da Surulere tun 2022, amma mai keken roba yana yawo a titi ba mai taɓa shi. Injiniya kai kullum kana bayan masu kuɗi.

Injiniya Bashir: Ni yadda ake ƙera abu na faɗa, ina ruwana da mai shi?

Alhaji Admin: Assalamu alaikum. Na karanta komai, ga abin da aka tsayar. Keken nan roba ne, tunda Injiniya da bakinsa ya amsa cewa ba ya shan walda. Baba ya nuna cewa aikin da Turawa ke yi da ma'auni mu da kunne muke yin sa. Rali ya fi, kuma a Kano aka yi shi, wanda bai yarda ba ya je ya tambayi manya. Bazazzagi ka iya bakinka. Sale kai kuma gobe ka bar musu kekensu inda ka gan shi.

Injiniya Bashir: Alhaji ban ce roba ce ba fa, cewa na yi

Alhaji Admin: Na rufe zauren sai bayan Isha'i.